Hulata da Turbon Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi gwajin injin Alhaji Garba a Guangzhou, can ƙasar Sinawa, ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Matsalar ita ce akwai shaidu, kuma dukkansu Allah ya ba su tsawon rai da lafiyar harshe.

A lokacin ina karatun digiri na biyu a wata jami'a a birnin, a shekarun da in za ka kira gida sai ka sayi kati, ka kankare bayansa, ka danna lambobi har yatsanka ya gaji. Kafin in tafi na koyar da kimiyya a wata sakandare a Kano, saboda haka ina ɗauke da ciwon nan na malaman makaranta: in ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai na fara maka da tarihin agogo. Sinancina kuwa ya kai in yi ciniki a kasuwa, in yi gardama da direban tasi, in kuma gane in ana zagina, wanda shi ne matakin da ya fi amfani a kowane yare.

Na baro wata yarinya a Kano mai suna Nafisa. Mun daidaita tsakaninmu, magabatana sun je neman izini, mahaifinta Alhaji Garba mai tireloli ya karɓe su hannu biyu, ya ba su lemo, ya kuma ƙi cewa e ko a'a. Ya ce shi ko taya ba ya saya sai ya ƙwanƙwasa ta da hannunsa, ba zai ba da 'ya ga mutumin da bai taɓa gani ba sai a hoto, hoton ma ya sa tabarau. A haka maganar ta tsaya, ni ina can ita tana nan, katin waya yana cin rabin kuɗin abincina.

Wata rana Nafisa ta ce mini, "Albishirinka. Baba zai zo garinku sayen kayan inji, kuma ya ce kai za ka yi masa tafinta."

Na ce ai wannan abin farin ciki ne.

Ta ce, "Tsaya tukuna, Malam. Baba ba ya yi wa mutum tambayoyi, kallonsa kawai yake yi. Akwai wanda ya zo neman Yaya Bilki, ya zauna a falon Baba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Har yau ba mu sake jin labarinsa ba."

Daga nan na gane cewa ba tafinta aka kira ni ba, jarrabawa ce, kuma darasin ladabi ne. Ni kuwa ban taɓa shiga jarrabawa ban wuce gona da iri wajen shiri ba. Abu na farko da na yi shi ne na je wurin wani mai aski ɗan Ghana a unguwar Xiaobei, na sa ya kwashe sumar da na tara tun zuwana, ya mayar da kan nan fes kamar ƙwan jimina. Na ciro babbar rigata ta shadda daga ƙasan akwati, na sa mata sitati har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Na ciro hulata zanna bukar, ɗinkin hannu, wadda na ajiye don ranar karɓar shaidar digiri. Da na ɗora ta sai na ji tana ɗan yawo a kaina, domin da suma aka auna ta. Na ce ba komai. (Na lura duk wani abin kunya da ya taɓa samuna a rayuwa, da "ba komai" ya fara.)

Alhaji ya sauka sanye da riga 'yar shara da takalmin soso, yana riƙe da wata jakar leda mai nauyi. Na zube har ƙasa a filin jirgi na gaishe shi, Sinawa suna kewaye ni da akwatunansu. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, ɗaurin auren wa za ka?" Na ce, "Ba na kowa ba, Baba." Ya ce, "To, madalla," ya miƙo mini jakar. Wani fistin injin mota ne a ciki, ya tsage gida biyu, ya yi baƙi ƙirin.

Bari in yi muku bayanin abin da ya kawo shi, kuma na yi alkawarin taƙaitawa. Turbo wani famfo ne mai siffar dodon koɗi. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya shi, shi kuma ya zuƙo iska ya danna ta cikin injin da ƙarfi. In iska ta yawaita aka ƙara mata dizal, sai mota ta ƙara ƙarfi. Direbobin Alhaji sun daɗe suna kukan cewa in suka yi lodi suka zo Hawan Kibo, mai keke ma sai ya wuce su yana ɗaga musu hannu. Sai aka zauna a garejinsa aka matse wa turbo ya ƙara iska, aka buɗe wa famfon mai. Motoci suka fara hawa kamar an kore su. Ba a jima ba gasket, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan silinda, ya fara ƙonewa, kusoshin kan silinda suka fara miƙewa, fistin ya fara tsagewa, domin an ƙara wa injin numfashi ba a ƙara masa ƙashi ba. Alhaji ya ce shi ba zai koma tafiyar hawainiya ba, kuma ba zai riƙa kwasar inji a daji ba. Yana son gasket na ƙarfe mai hawa-hawa, da kusoshi masu tauri, da fistin mai jure zafi, da lagireton sanyaya iska mai girma, da nozul da turbo da suka dace da su.

Wanda ya haɗa shi da masu ƙerawa shi ne Isufu, wani ɗan Maraɗi mai aikin tura kaya a kwantena, mutum ne da ba ya ganin abu ya bar shi ya wuce bai ɗanɗana ba. Ranar farko da ya gan ni cikin shadda a zafin Guangzhou, wanda ba zafi ba ne, tururi ne irin na dambu, ya ce, "Kai Bakano, wannan sitatin ai sai ya dahu a jikinka." Na yi murmushin masu ilimi na ƙyale shi.

Mun yi kwanaki muna yawo. Ni ke ɗaukar jaka, ni ke buɗe ƙofa, ba na zama sai an ce in zauna, in na zauna kuma ƙafafuwana a haɗe kamar na ɗalibar da aka kira ofishin shugabar makaranta. Ba na cin abinci tare da shi, sai in ce na ƙoshi, in koma ɗaki in cinye biredi guda. In ya yi magana sai in rusuna kafin in amsa. A wani shago na rusuna har na buge tulin ringin fistin da gwiwar hannu. Duk wannan a idon Alhaji. Kallo kawai.

A ƙarshe aka daidaita da wata ƙaramar masana'anta a bayan Huangpu, can inda tireloli ke layin shiga tashar jiragen ruwa. Mai wurin wani injiniya ne gajere mai tabarau, kowa na kiransa Lawban, wato maigida. Yana da inji irin na motocin Alhaji a kan wani gadon ƙarfe, ya ce zai ɗaura masa sababbin kayan gaba ɗaya, ya tayar da shi a gabanmu, ya matsa masa iska har inda Alhaji ke so, a gani in zai jure. In ya jure, a yi oda.

Ranar gwajin na sake goge babbar riga. A ƙofar ɗakin Lawban ya tare mu da hulunan kwano masu ruwan ɗorawa. Ya dube ni ya ce in cire wannan tanti da na yafa, kada wani bel ya kama shi. Na cire, na ninke, na ba Isufu ya ajiye a mota. Ya ce in cire hular ma in sa ta kwano.

A nan na tsaya. In tsaya kai ba hula a gaban mutumin da nake neman 'yarsa? Da wannan kan da ke ɗaukar ido? A gidanmu ko ƙofar zaure ba ka isa ka leƙa wa baƙon mahaifinmu ba sai da hula. Na gwada ɗora ta kwanon a kan zanna, ta zauna a can sama kamar murfin tukunyar da bai yi daidai ba. Sai na ce wa Lawban da Sinanci mai kyau, har da karin harshen littafi, cewa wannan hula al'ada ce mai tsohon tarihi, ba a cire ta a gaban manya. Ya ɗaga kafaɗa. Na juya in ga ko Alhaji ya lura da wannan tsayin daka da na yi saboda shi. Ashe shi tuni ya cire tasa ya cusa a aljihu, ya kifa ta kwano, har ya ɗaure igiyar a haɓa.

Muka shiga. Injin na tsakiyar ɗaki, an kewaye shi da layin fenti a ƙasa. Alhaji ya ce shi fa bai ga turbon yana juyawa ba, yaya za a yi ya san ba tsoho aka wanke aka shafa wa fenti ba? Lawban ya yi ɗan jinkiri, sannan ya sa aka kwance bututun matatar iska, bakin turbon ya fito fili, fukafukansa na ƙyalli. Ya ce to amma da sharaɗi: kada kowa ya tsallake layin nan, kada kuma kowa ya matso da tsumma ko takarda ko wani abu maras nauyi kusa da bakin, domin in ya ɗauki gudu duk abin da ya samu zuƙewa yake yi.

Ni na fassara wannan gargaɗi. Ina so a rubuta wannan a ajiye. Ban tsaya a fassara ba ma, sai da na ƙara musu da bayanin yadda iska ke gudu daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci, har ina zana shi da yatsa a tafin hannu. Isufu ya ce da guntun Faransancinsa, "Dakor, Malam, mun gane, a tayar da inji kafin a tashi daga aji."

Aka tayar. Ƙasa ta ɗauki rawa. Lawban ya riƙa ƙara masa wuta a hankali, allurar agogon iska tana hawa, turbo ya fara wani fito siriri da ke shiga har cikin haƙori. Alhaji ya zagaya can ɗaya ɓangaren, ya samu wani akwatin katako ya zauna daidai bakin layin, ya ƙura wa fukafukan ido. Allura ta wuce inda injinansa na Kano ke mutuwa. Babu ɗigon ruwa, babu ɗigon mai. Na ga fuskarsa ta saki karo na farko tun saukarsa.

Sai ya ɗago ya yafito ni da hannu.

Yanzu ku sa kanku a matsayina. Surukin da kake nema ya kira ka. Ba za ka tsaya daga nesa ka yi masa ihu ba. Ba za ka ɗauki doguwar hanya kana zagaye yana jiranka ba. Kuma tunda a zaune yake, ba za ka je ka tsaya masa a ka kamar mai karɓar haraji ba. Duk waɗannan dokoki na tuna su a lokaci guda. Dokar da na fassara da bakina ita kaɗai ce ta ɓace mini. Na yanke ta gaban injin da sauri, na tsallake layi, na isa gabansa, na rusuna irin rusunawar da ban taɓa yi wa kowa ba, na ce, "Na'am, Baba?"

Kan da aka aske, ga gumi, ga hula mai yawo. Na ji ta sulale. Na ga ta bar kaina, ta yi wani ɗan jinkiri a iska kamar mai tunanin inda za ta, sannan ta yi gefe.

Ƙarar da ta biyo baya ban san da me zan kwatanta ta ba. Hular ta manne a bakin turbon, ya tsotse tsakiyarta, ya fara nika. Fiton nan ya koma gurnani, injin ya shaƙe, ya yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, wani abu ya yi ƙara kamar an zuba cokula a injin markaɗe. Lawban ya daka tsalle ya kashe mai. Shiru ya sauka. A cikin shirun nan zare mai launin shuɗi da fari ya riƙa saukowa daga sama a hankali, wani ya sauka a kafaɗar Alhaji.

Ni kuwa ina nan a rusune. Ban san me ya sa ban miƙe ba. Ina jin na yi tunanin in ban motsa ba wataƙila abin bai faru ba.

Lawban ya sa filaya ya zaro abin da ya rage. Bakin hular ne kawai, zagayayye, kamar gammo. Ya leƙa cikin turbon, fukafukan sun lanƙwashe, wani ya gutsure. Ya juyo kaina ya fara magana. Ya daɗe yana yi, yana nuna layin, yana nuna kaina, yana nuna sama.

Alhaji ya cire zaren daga kafaɗarsa, ya ce, "Malam, me ya ce?"

A nan na tuna cewa ni ne tafinta.

Na ce, "Baba, ya ce an ɗan samu tangarɗa."

Ya ce, "Mutumin nan ya yi magana har wuyansa ya yi ja, kai kuma ka ba ni guntu. Aikinka ke nan da na kira ka. Fassara mini duka."

Na duba Isufu ko zai cece ni. Ya juya baya ya dafa bango, kafaɗunsa na rawa. Na fara, da muryar da nake karanta wa ɗalibai sakamakon jarrabawa.

"Ya ce tun da ya buɗe wurin nan ya ga turbo ya ci tsumma, ya ga ya ci safar hannu, bai taɓa ganin wanda ya kawo masa abinci da kansa har da rusunawa ba. Ya ce wanda ya bayyana wa mutane dokar shi ne ya karya ta. Ya ce..." Na tsaya.

"Ina jinka."

"Ya ce yana so ya san wace jami'a ce ta ɗauke ni, don kada ya kai ɗansa."

Isufu ya zame ya zauna a ƙasa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya yi daidai, ya ce, "Akwai saura?"

"Ya ce kaina yana haske, a kashe fitila ɗaya."

A motar komawa babu wanda ya yi magana sai Isufu, da ke ta yi wa hular addu'a yana cewa ta yi mutuwar jarumai. Na zauna a baya, kai a buɗe, babbar riga a ninke a cinya. Da muka kusa Xiaobei na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, da ka kira ni, me za ka ce ne?" Ya ce, "Cewa zan yi ka gaya masa aikinsa ya yi kyau."

Ranar ban kira Nafisa ba. Me zan ce mata? Wanda ya ɗora ƙafa kan ƙafa ma an sallame shi, balle wanda ya kashe inji. Na fara tsara yadda zan yi wa mahaifiyata bayani ba tare da ambaton hula ba.

Sai da aka kwance injin gaba ɗaya aka tsince gutsattsarin ƙarfe da zare daga bututu da lagireto, aka ɗaura wani turbon. Aka sake gwaji, wannan karon da ragar waya a bakinsa, ni kuma ina waje ina leƙe ta taga, da hular kwano a kaina duk da cewa a tsakar gida nake. Injin ya jure. Gasket bai motsa ba, kusoshi ba su miƙe ba. Alhaji ya yi odarsa, ya kuma ce a saka masa lalataccen turbon a kwantena, nasa ne, yana da wurin da zai ajiye shi. (Yana nan a kan kanta a ofishin garejinsa. In baƙo ya tambaya, ba a yi masa rowar labari.)

Ana gobe zai tafi ya ce mu ci abinci a wani gidan cin abinci na musulmi a Xiaobei. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Zauna ka ci, Malam, na gaji da jin kukan cikinka." Na zauna. Muna cikin ci ya ciro waya ya kira gida, ya ce a ba shi Hajiya. A gabana ya ba ta labarin tun daga aski har zuwa fitila, bai tsallake komai ba. Ina jiyo dariyarta daga Kano. Daga can bayanta kuma ina jiyo wata dariyar da na sani sarai, har da tari.

Ya ajiye wayar, ya wanke hannu, ya ce, "Na yi shekaru ina zuwa ƙasashen mutane, na ga tafinta iri-iri. Kowa sai ya cinye rabin maganar ya ba ka rabi. Ban taɓa ganin wanda aka zage shi ya fassara zagin bai rage ba." Ya goge yatsu. "Ladabi kana da shi har ya yi maka yawa. Hankali kuwa, to, Nafisa tana da shi, sai ku raba. Ka ce wa mutanenka su dawo."

Na yunƙura zan zube ƙasa in yi godiya. Ya ɗaga hannu da sauri ya ce, "A'a, a'a, zauna! Akwai fanka a bayanka."

Ranar ɗaurin auren babu wuta a unguwar, an tayar da janareta a ƙofar gida. Da aka ce ga ango nan tafe, Alhaji ya sa aka kashe shi har na wuce, jama'a suna tambayar ko mai ne ya ƙare.

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Girmama na gaba abu ne mai kyau, har yau ina yi, ina kuma koya wa 'ya'yana. Sai dai kafin ka sunkuyar da kai a gaban kowa, ka ɗan waiga ka ga me ke jan iska a gefenka.